mpv ba ta fitar da sauti in wuta ta dawo

Mai shago, Maradi:
Salamu alaikum. Ƴar ƙaramar kwamfuta ce, Raspberry Pi 4, haɗe da ampli, tana sa karatun Alƙur'ani a shago. In na kunna mpv (manhajar da ke sa karatun) da hannu, sauti lafiya lau. Na rubuta mata sabis a /etc/systemd/system/sauti.service don ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo, systemctl status na nuna tana aiki, amma lasifika shiru. Ina matsalar take?

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun fitowar sigarta ta Bookworm a 2023, Raspberry Pi OS da manhajar PipeWire take tafiyar da sauti, ita kuwa sai mutum ya shiga asusunsa take tashi. Sabis ɗinka ba ya ganinta, sai mpv ta koma ALSA (tsarin sauti na asali a Linux), sau da yawa ta tura sautin ta HDMI. Ka nuna mata hanya da kanka. Buga aplay -l, za ka ga ramin belun kunne sunansa Headphones. Sa wannan a fayil ɗin sabis:

[Service]
User=pi
SupplementaryGroups=audio
ExecStart=/usr/bin/mpv --no-video --audio-device=alsa/plughw:CARD=Headphones --loop-playlist=inf /home/pi/karatu.m3u
Restart=always
RestartSec=5

A [Unit] sa After=sound.target, a [Install] sa WantedBy=multi-user.target, sannan daemon-reload da enable. Sunan Headphones ɗin za ka rubuta, kar ka rubuta hw:0 ko hw:1, lambobin kan sauya in na'ura ta sake tashi. RestartSec=5 ɗin ma kar ka bar shi: in babu, systemd (mai tayar da sabis) zai gwada sau 5 cikin daƙiƙa 10 ya haƙura.

Malamin lantarki:
Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. In karatun a USB yake, desktop ne ke haɗa ta da tsarin (mount), sabis zai riga ta tashi ya tarar babu fayil. Saka ta a /etc/fstab da UUID (lambar shaidarta) da nofail (don Pi ta tashi ko ba a jona ta ba), ka ƙara RequiresMountsFor= a [Unit].

Abin da ya fi damuna katin SD ne. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ita ke lalata shi. In komai ya daidaita, saita ƙarfin sauti da alsamixer, buga sudo alsactl store, sannan ka kunna Overlay File System a raspi-config, shi ke hana rubutu a kan katin. Zafin Afrilu kuma ba wasa, Pi na rage gudu daga digiri 80, a sa mata ƴar fanka.

Mai shago, Maradi:
Na gode, Allah ya saka. HDMI ɗin ce kuwa, journalctl -u sauti ya nuna. Yanzu tana tashi da kanta.