Shawarwari ga masu son kafa ƙaramin zaman sujada a Yamai

Da ƴan'uwa suka tattauna kan yadda za a kafa ƙaramin rukunin sujada da Hausa cikin ikilisiyar da ta fi amfani da Faransanci, an fi daɗewa kan abu ɗaya: a fara da sanar da fasto da dattawan ikilisiya. Rukunin da aka kafa a ɓoye, ko da niyyar kirki ne, ana yi masa kallon ɓaraka. Ni ma nan na tsaya. A gayyaci dattijo ɗaya ya riƙa zama tare da su, baiko kuma, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, ya ci gaba da shiga asusun ikilisiya.

Kada lokacin taron ya ci karo da sujadar safiyar Lahadi. Yammacin wata rana cikin mako ya fi. Masu goyon bayan taruwa a gida sun kawo Ayyukan Manzanni 2:46 daga Littafi Mai Tsarki, inda masu bi ke zuwa haikali, suna kuma cin abinci tare gida-gida.

Mutum 8 zuwa 12 sun isa. Tabarma a tsakar gida, Littafi Mai Tsarki, waƙa da tafi ko ƙwarya, kowa ya sami damar magana. A bar lasifika, a kuma gaida maƙwabta tukuna, a tashi kafin magariba.