Da Hiace Mai Gado Zuwa Gashaka da Mambila: Wa Ya San Hanya?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Tsohuwar Hiace ɗin nan da na daina haya da ita, na cire kujerun baya, kafinta ya buga mini gado da akwatuna a ƙarƙashinsa, na ɗora sola a sama, ga ƙaramar tukunyar gas da jarkokin ruwa. Niyyata in an yi hutun makaranta na Disamba in kwashi uwargida da yara mu tashi daga nan Gombe zuwa gandun dajin Gashaka Gumti, mu riƙa kwana a motar, mu ɗan hau duwatsu, in hali ya yi har Chappal Waddi. Wanda ya san hanya don Allah ya taimaka.

Ɗan Tula: Wa alaikumus salam. Yaya, har Chappal Waddi da yara? Hanifa ɗin da ko Dutsen Bima ba ta taɓa hawa ba?

Baban Hanifa: Shi ya sa na ce in hali ya yi.

Malam na Yalwa: Bari in fara da wannan kafin a zo maganar mota. Chappal Waddi shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru. Wasu Gangirwal suke ce masa. Ba dutsen da za ka ajiye mota a gindinsa ka hau ka sauko kafin la'asar ba ne. Masu zuwa ta Mambila suke bi, ta wajen Nguroje da Njawai, a yi wani wurin a babur, sauran kuma a ƙafa, da kwana a hanya, tare da ma'aikatan gandun da masu ɗaukar kaya. Babban mutum mai ƙoshin lafiya ma sai ya shirya masa. Ka cire shi daga lissafin tafiyar iyali, ka bar shi sai ranar da za ku je ku maza zalla.

Shi gandun kansa ka san girmansa kuwa? Ya haura murabba'in kilomita 6,000, kusan ninki uku na Yankari, ya ratsa Taraba da Adamawa. A 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti aka mai da su gandun ƙasa. Babban ofishinsu yana Serti, can za ka fara sauka a yi maka rajista a haɗa ka da mai rakiya. Ba a shiga haka kawai.

Baba Direba: Ɗana, ni maganar mota zan yi, don ita na sani. Na yi shekaru ina ɗaukar kaya a layin nan. Daga Gombe ka bi Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, ka faɗa Numan, ka karkata Jalingo. Daga Jalingo sai Garba Chede, Bali, Serti. Kada ka yarda wani ya ce maka a yini ɗaya za ka cinye ta da yara a baya. Ka kwana a Jalingo, da asuba ka ɗauki hanya. Rana ta faɗi, mota ta tsaya, ko'ina kake. Wannan ba shawara ba ce, doka ce.

Hiace za ta kai ka Serti. Abin da ba za ta yi ba shi ne shiga cikin gandun. Hanyar ƙauyen Gashaka ba kwalta, ga duwatsu ga yashi, kuma sai an ƙetare kogin Mayo Kam. Motarka ƙasa-ƙasa take, ka ƙara mata nauyin katako da batir da ruwa, za ta riƙa kirɓa cikinta a dutse. Ka ajiye ta a Serti ku shiga da Hilux ko abin da ma'aikatan suka ce ya dace. Gadon da kafinta ya buga ba zai ƙetare kogi ba, don haka tanti dole ne.

Baban Hanifa: Kash. Baba, to amfanin gyaran da na yi fa?

Baba Direba: Yana nan. Kuɗin masauki a hanya ya ragu, yara suna miƙe ƙafa, kuna da inda za ku sa kaya ku kulle. Kuma in za ka hau Mambila, kwalta ce har Gembu, nan motar za ta yi maka rana. Amma ka saurare ni da kyau a kan hawan Mayo Selbe. Daga gindin dutsen hanya take fara murɗewa, kwana bayan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami. A hawa, lagireto ne abin dubawa: ka sa a wanke shi tun a Gombe, ka canja fambel, ka ɗauki wani a ajiye, ka riƙe jarkar ruwa daban ta mota. In allura ta fara hawa ka samu fili ka tsaya, kada ka buɗe murfin da zafinsa. A saukowa kuwa, nan ake rasa mutane. Direban gari yana ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin rabin gangara birkin ya yi zafi, man ya tafasa, ya taka ya ji fayau. Ka sa ta a giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya, inji ya riƙe motar, birki ɗan taɓawa kawai. Ka canja man birki kafin tafiya, ba ƙari za a yi ba, a zubar da tsohon gaba ɗaya. Safaya biyu, jak mai kyau, da katakon da za ka sa a ƙarƙashin jak ɗin.

Maman Sadik: Ni tambayata ga uwargidan ce, don na ga maza sun fara lissafin fambel. An tambaye ta? A ina za ta yi wanka, a ina yara za su kewaya da dare? Don irin wannan hutun, ku ne kuke hutawa, mu kicin ne kawai ya canja wuri.

Baban Hanifa: Hajiya, ita ta fara kawo maganar ma. Amma banɗakin gaskiya ban gama shawo kansa ba.

Maman Sadik: To ka saya ɗan tantin nan tsaye na wanka, ko a ɗinka maka labule da tamfol a jikin ƙofar baya, da bokiti mai murfi da ƙaramin shebur. Ba abin kunya ba ne, shi ne abin da zai sa tafiyar ta yi daɗi ko ta lalace.

Sai abin da ya fi damuna, a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Mambila akwai sanyi na gaske a Disamba, tudun ya kai wajen mita 1,500 zuwa sama, da dare sai ka ji haƙora na kaɗawa. Abin da mutane suke yi shi ne su rufe gilasai ruf, su kunna gas ko su shigo da kaskon gawayi don ɗumi. Wallahi kada ku yi. Iskar da gawayi yake fitarwa a rufaffen wuri ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai mutum zai ji, shi ke nan. Girki a waje, tukunyar gas a rufe kafin a kwanta, a bar gilashi ɗan buɗe da raga saboda sauro. Sanyi kuma bargo da rigar sanyi da safa da hular sanyi ne maganinsa. Ku shiga gwanjo a babbar kasuwa tun yanzu kafin hunturu ya sa su tsada.

A ƙasa wajen Serti da Gashaka kuma zafi ne da sauro da ƙudan tsando a bakin rafuka. Tsando yana son baƙi da shuɗi, sai a sa kaya masu haske masu dogon hannu. Gidan sauro, maganin zazzaɓi, gishirin ORS, bandeji. Ruwan rafi komai kyansa a tafasa.

Injiniya: Baban Hanifa, batirin solar daban yake da na tayar da mota, ko ka haɗa su?

Baban Hanifa: A haɗe suke.

Injiniya: Raba su. Yara za su kwana suna cajin waya da fanka, da safe ka murɗa makulli ka ji shiru, a wurin da ba mai tura ka. Ka kawo ta shago in sa maka abin da zai raba su. Kuma hazo yana rufe fuskar sola, kullum da safe a goge da tsumma. Firji kuwa ka haƙura da shi, ƙaramin farantin solar da ka ɗora ba zai ɗauka ba. Kular sanyi mai ƙanƙara a ciki ta isa kwanakin farko.

Hajiya Kaka: Wane firji kuma? Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, zuma, soyayyen manja da yaji a gwangwani. Da su iyayenmu suka je Makka a ƙasa. A sama kuma ga nono da man shanu wurin Fulani, ga ganyen shayi na Kakara a inda ake nomansa. Wanda ya je Mambila ya dawo bai kawo mini shayi ba kada ya gaishe ni.

Ɗan Tula: Hajiya an ji. Ni dai shawarata ta bambanta da ta kowa. Yaya, kada Gashaka ta zama gwajin farko. Ka kawo motar nan Tula ƙarshen mako guda. Daga Kaltungo hawa ne mai kwana-kwana, za ka ji yadda injin yake ja da nauyin, ka ga ko gadon yana ƙara, ka ga wane yaro ne yake amai a kwana. Ga iska mai sanyi a sama, ga tsohon gidan yarin Turawa ku kai yara su gani, ga duwatsu daidai ƙafarsu. In wani abu ya lalace, bakanikenka na Gombe zai iso ka kafin azahar. Sai dai takalmi rufaffe da tocila da dare, don ƙasarmu ƙasar kububuwa ce, ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Kada yaro ya sa hannu a ƙarƙashin dutse, kuma a kakkaɓe takalmi kafin a sa da safe.

Malam na Yalwa: Na goyi bayan wannan. In kuma dabbobi yaran suke son gani, ai Yankari ta fi sauƙi: ka karkata a Dindima, ka shiga ta Mainamaji, sai sansanin Wikki, ruwan ɗumin nan da yake kan digiri 31 rani da damina. Amma Yankari fili ce, ba wurin hawan dutse ba, kuma ba a yawo a ƙafa yadda aka ga dama. Ka tambaye su tukuna ko suna barin a kwana a mota. Gwaggon birin wurin kuma sun san ƙarar leda, in ka bar ƙofa a buɗe sun gama da burodin.

Gashaka daban take. Kurmi ne da rafuka da tsaunuka, dabbobin ba sa fitowa fili su tsaya maka. Akwai birin nan chimpanzee, wajen Kwano masu bincike suka daɗe suna bibiyarsu, amma kada ka yi wa yara alkawarin za su gan shi. Abin da za ka iya yi musu alkawari shi ne tafiya a inuwar manyan itatuwa, birai a sama, tsuntsaye kala-kala, in an dace dorina a Mayo Kam. Akwai kuma kufan ginin Jamusawa a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka, don yankin a ƙarƙashin Jamus yake kafin yaƙin duniya na farko, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya tabbata a Najeriya. Ɗan hawan nan ya ishi yara. In kun hau Mambila kuma akwai kurmin Ngel Nyaki, shi ma tafiyar yini ce mai kyau.

Na Jamus: Ina ta karantawa ina murmushi. A nan irin motocin nan cike suke da hanya da bazara, amma abin da ke riƙe da su shi ne filayen da aka tanada: ka biya, ka jona wuta, ka ɗebi ruwa, ka zubar da na datti, ga banɗaki ga mai gadi. Motar rabin abin ce kawai. A gida ba ka da wannan filin, sai ka ƙirƙire shi da bakinka.

Baba Direba: Yawwa, ɗan nan ya faɗi gaskiya. Filinka shi ne mutane. Duk garin da za ka kwana, ka isa da rana tsaka, ka nemi mai gari ko jauro, ka gaishe shi, ka ce ga ka ga iyalinka. Shi zai nuna maka inda za ka tsaya, ko ƙofar gidansa ko kusa da masallaci. A Jalingo ka biya wani otal kuɗin harabarsa. A Serti ka tambayi ma'aikatan gandun. Kada ka ga wuri ya yi maka kyau a daji ka ce nan za mu kwana. Kuma Fulatancin da ka iya ka fito da shi, daga Bali zuwa sama ya fi kuɗi amfani.

Maman Sadik: Maganar tsaro fa, kada a dogara da labarin bara. Ana saura mako ka kira ofishin gandun, ka kuma je tasha ka tambayi direbobin Jalingo da na Gembu, su suke bin ta kullum.

Baba Direba: Haka ne. Takardun mota kuma su cika, don shingaye suna da yawa, kuma duk wanda ya leƙa ya ga gado a cikin bas sai ya yi tambaya. Ka buɗe masa ya gani, ka yi dariya. Abu ɗaya: ka bar kujera layi ɗaya mai bel. Mota na tafiya, yara a zaune a ɗaure, ba a kwance a gado ba, balle a gangaren Mayo Selbe. Mai kuma ka cika tanki a Jalingo, kuɗi a hannu, kada ka dogara da POS ko sabis.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Chappal Waddi na ajiye shi. Za mu gwada Tula ƙarshen watan nan, in mota ta yi hali sai Serti da Gembu a Disamba. Kujerar da na cire tana nan a gareji, gobe za a mayar da layi ɗaya. Wa yake da tanti mai ɗaukar mutum biyar da zai ara mini?

Ɗan Tula: Akwai na 'yan sikawut a wurin ƙanina, amma sanda ɗaya ta karye.

Injiniya: Kawo sandar tare da motar ranar Asabar, mai walda yana kusa da ni.

Baba Direba: In kun gama da batir ku biyo da ita ta gida, ina so in taka birkin da ƙafata.