A goge bidiyon lacca bayan shekara biyu, ko a bar shi?

Ma'aikacin sashen kwamfuta: Assalamu alaikum. Ga matsayata, kowa ya faɗi tasa: duk bidiyon laccar da ya cika shekara biyu a goge shi. Awa ɗaya ta bidiyo mai matsakaicin kyau, wato 720p a kan megabit 2 a daƙiƙa, tana cin kusan megabait 900. Kwas mai awa 3 a mako, na tsawon mako 13, ya kai gigabait 35. Jami'ar da ke ɗaukar kwas 1,000 tana tara terabait 35 ke nan a zango ɗaya. Tun Yulin 2022 Google ya daina bai wa makarantu ma'ajin intanet marar iyaka, ya tsayar da na kyauta a terabait 100 ga makaranta gaba ɗaya. Zango uku, an cika.

Malamar tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Wannan hujjar ta ƙarancin wuri ita ta sa BBC ta riƙa share kaset ɗin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970 tana sake ɗauka a kai. A 2009 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta bayyana cewa asalin kaset ɗin saukar Apollo 11 a duniyar wata, na 1969, da alama an share shi an sake amfani da shi. Waɗanda suka yi hakan ba sakarkaru ba ne, wuri suke nema kamar yadda kake nema.

Ma'aikacin sashen kwamfuta: Malama, ai ba kowace lacca ce saukar wata ba. Ni nake buɗe fayilolin nan. Sai ka ga minti goma na farko kyamara na kallon allo babu kowa, a ƙarshe kuma an manta ba a kashe ba, tana ɗaukar kujeru. Kwas ɗaya, malami ɗaya, darasi ɗaya, an ɗauka shekara bayan shekara tun lokacin korona a 2020. Wanne za a ajiye wa jikoki?

Ɗalibin ajin ƙarshe: Ranku ya daɗe, a yi mini afuwa in sa baki. Ana ta maganar jikoki, mu da muke nan fa? Digiri shekara uku ne ko huɗu, likitanci ya fi haka. Wanda ya faɗi kwas zai maimaita, wanda rashin lafiya ta sa ya ɗage karatu, da mai rubuta kundin kammalawa da ke son komawa darasin ƙididdiga na aji biyu, duk shekara biyu ta yi musu kaɗan. In za a sa wa'adi, a auna shi da tsawon karatun ɗalibi.

Malamin shari'a: Ni kuwa ina bayan gogewa, amma ba don wuri ba. A cikin bidiyon nan akwai fuskoki da muryoyin ɗalibai. Yarinya ta ɗaga hannu ta yi tambaya a kan abin da ya shafi lafiyarta ko gidansu, ta yi ne a gaban 'yan ajinsu, ba ta yi don baƙon da zai kalla bayan shekara goma ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki a 2018, ta faɗa a sashe na 5 cewa kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Sannan malamin da ya bar aiki, da yawun wa za a ci gaba da koyarwa da muryarsa? Laccar magunguna da ta tsufa ma tana iya cutarwa.

Malamar tarihi: Wannan na karɓa, Dakta. A yanke wurin tambayoyin ɗalibai, a nemi izinin malami. Amma abin da ke damuna shi ne wa ke yanke hukunci. Yanzu na'ura ce. A Microsoft Teams, dandalin taro ta intanet, in ba a canza saitinsa ba, bidiyon taro kan gogu da kansa bayan kwana 120, kuma malamai da yawa ba su sani ba.

Ma'aikaciyar laburare: Kun tsaya tsakanin gogewa da ajiye komai, alhali akwai hanya a tsakiya. Bidiyon zangon da ake ciki ya zauna inda za a buɗe nan take. Na baya a kai shi ma'aji mai arha wanda sai an jira kafin a ɗauko: kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO-9 guda yana ɗaukar terabait 18, ma'ajin intanet na Amazon mai suna Glacier Deep Archive kuma yakan dawo da fayil cikin awa 12. Laccar da magana ce zalla, a cire sautin a haɗa da rubutun da aka haska. A kilobit 64 a daƙiƙa, awa ɗaya ta sauti ba ta wuce megabait 29 ba. Babban aikin dai suna ne. Fayil ɗin da ba a rubuta kwas, malami da shekara a kansa ba, ko an ajiye shi ya ɓata, domin ba mai gano shi.

Ma'aikacin sashen kwamfuta: Yaya, na yarda da matakan. Amma ƙarshen matakin dole ya zama gogewa, in ba haka ba mun matsar da tarin ne kawai. A aika wa malami sanarwa sau biyu, in bai amsa ba a goge.

Malamar tarihi: A'a Malam, shirun malami ba izini ba ne. Yana iya zama yana hutun bincike, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, kuma laccar irin waɗannan ita ce ba za a sake samu ba. In bai amsa ba, a tura wa shugaban sashe da laburare, su biyun su sa hannu kafin ka taɓa fayil ɗin.

Ɗalibin ajin ƙarshe: A sa mu ma a cikin sanarwar, don Allah, tun kafin jarrabawa, domin mai buƙata ya nemi a tsawaita masa.