Ƙwan zare a ƙugiya: gwaninta ce ko koto ne?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana. Asalin fatsar ƙuda, wato kamun kifi da ƙudan ƙarya, kwaikwayon ƙwaro ce, ka ɗaure gashin tsuntsu a ƙugiya har ya yi kama da abin da ke tashi a kan ruwa. Wanda ya dunƙule zare ruwan lemo kamar ƙwan kifi ya jefa, koto ya sa, suna kawai ya sauya.

Bala: Allah ya gafarta Malam, ai ƙa'idar ita ce ka miƙa wa kifi irin abin da yake ci a ranar. A kogin Kenai na Alaska, watannin Agusta da Satumba, kifin salmon na zuba ƙwai cikin tsakuwa, wani kifin da ake kira tirawut kuma su jeru a bayansu suna cafke wanda ruwa ya kwaso. A lokacin hankalinsu na kan ƙwai, ba ƙwaro ba.

Hadiza: Kuma ba aikin wasa ba ne, Malam. Sabon ƙwai ruwan lemo ne mai sheƙi, wanda ya daɗe a ruwa kuwa sai ya koɗe ya yi fari-fari. Na zauna na ga maigidana yana shafa wa 'yan duwatsun roba jan farce ɗaya bayan ɗaya don su yi kama da ƙwan kifi, ya jera su a tsinke su bushe. Na milimita 6 don ƙwan salmon ɗin da ake kira sockeye, na 8 zuwa 10 don babban salmon.

Malam Sani: Yawwa Hajiya, kin kawo ni inda nake so. Dutsen roba ba ɗauri ba ne. Dokar Alaska kanta ta ce dutsen da bai manne da ƙugiya ba, ba ƙudan fatsa ba ne, kuma a ruwan da aka keɓe wa masu ƙuda an hana sa shi sama da ƙugiya tsirara.

Bala: Wannan gaskiya ne. Amma a duba amfaninsa. Ana kafe dutsen kada ya wuce inci 2 daga ƙugiya. Kifi ya kama dutsen, ka ja, ƙugiya ta kama shi a gefen baki, ka sake shi da ransa. Ƙwan zare da ake kira Glo Bug kuwa sau da yawa haɗiye shi yake yi har maƙogwaro. Na taɓa ciro ɗaya, jini na bin yatsuna, abin ya dame ni ƙwarai.

Malam Sani: To, na zare na yarda da shi, tunda hannu ya ɗaura shi, ya datse da almakashi. Maganar jinin nan ma ta shige ni. Amma dutsen roba, Bala, ka kira shi da wani suna.