Ina iya kwaikwayon fuskar manga, amma na kasa zana wata da kaina

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a Zariya, shekarata 19. Wata biyar ke nan da na fara koyon manga, wato labarin zane irin na Japan. Idan na ajiye hoto a gabana, ina kwaikwayonsa har abokaina su ce kamar bugawa aka yi. Amma da na rufe hoton na ce bari in zana mutum da kaina, sai komai ya wargaje. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma, wuya ya yi tsawo, hannu kuwa kullum a aljihu nake ɓoye shi. Abin da nake da shi fensir ne da biro da littafin rubutu da wayar Android. Akwai labarin wani yaro mai garuwa da ya daɗe a raina, ina so in mayar da shi manga. Kayan aiki ne ba ni da su, ko akwai matakin da na tsallake?

Wani mai zanen allon shaguna:

Wa alaikumus salam ƙanina. Fensirinka ya isa. Matsalar ita ce layin waje kake kwaikwaya, ba ka ga ginin da ke ƙarƙashinsa ba. Kafin ka taɓa ido, fara da da'ira, ka ja layi a tsaye ta tsakiyarta, ka ja wani a kwance. Idanun babban mutum a tsakiyar kai suke, ba a sama ba kamar yadda ake zato. Idan yaro ne, sai ka ɗan sauko da su ƙasa, ka ƙara musu girma. Jiki kuma da kai ake auna shi: babban mutum kai bakwai zuwa takwas ne a tsawo, 'yan ƙananan nan da ake kira chibi kai biyu zuwa uku. Ɗauki ƙirji a matsayin akwati, hannu da ƙafa kamar bututu.

Sannan ka fita waje. Je bakin tasha ka zauna, ka zana masu wucewa, kowa minti ɗaya, ba fuska. Mai garuwar nan naka, ka taɓa kallon yadda kafaɗarsa ke lanƙwasa in sanda ta ɗau nauyi? Babu hoton Japan da zai nuna maka wannan. Hannu kuwa, ga naka na hagu, zana shi sau biyar kullum. Batun idanun da ba su daidaita, juya takardar ka ɗaga ta ga haske, kuskuren zai fito fili.

Wata 'yar uwa mai zane a waya:

Na yarda da Malam mai zanen allon shaguna, amma kada ka daina kwaikwayo gaba ɗaya. Shi kansa Osamu Tezuka, wanda ake kira uban manga, zanen Disney ya yi masa tasiri sosai. Kwaikwaya, sai ka rufe hoton ka sake zanawa daga ƙwaƙwalwa, ka gwada su biyun. Wayarka ma za ta yi aiki: manhajojin zane na ibisPaint da MediBang Paint kyauta ne. Ni a takarda nake zane da fensir, in ɗauki hoto, in bi layin da baƙi a waya. A cikin manhajojin akwai wani ɗigo-ɗigo da ake shimfiɗawa a kan zane a yi inuwa da shi. Ga baƙar fata, zaɓi ɗigo matsakaici, ka bar haske a goshi da kunci, in ba haka ba fuskar za ta dushe. Na sha wahala kafin in gane wannan.

Wani malamin makaranta:

Ɗana, ni labarin nan ne ya ja hankalina. Masu manga ba sa farawa da zane mai kyau. Suna fara da abin da suke kira nemu, wato tsara shafi da 'yan zane-zane na gaggawa, a ga inda kowane gida, wato akwatin hoto ɗaya a shafin, zai zauna da inda magana za ta shiga. Kada ka ɗauko shafi 30 yanzu. Akwai salon gida huɗu da ake kira yonkoma: na farko gabatarwa, na biyu ci gaba, na uku juyi, na huɗu kammalawa. Yi goma irinsa da mai garuwarka. Wanda ya gama ƙaramin labari ya fi mai littafi cike da idanu koyo.

Manga daga dama zuwa hagu ake karanta ta, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun allo. Amma tunda da boko za ka rubuta maganganun, ina ganin ka bi hagu zuwa dama. In hannunka ya faɗa, nemi gasar Silent Manga Audition ta Japan. Labari ne ba magana ko ɗaya, kuma daga kowace ƙasa ana shiga.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ɗaga wani tsohon zanena ga haske, ashe duk fuskar ta karkata hagu. Gobe da safe zan je bakin rijiyar unguwarmu da littafina. Ranar Juma'a in sha Allahu zan turo muku gida huɗu na farko ku duba min.