Musayar waƙa: zamiyar keke da birkin da ya dace

Ɗan Feda:
Salam yan uwa, sati uku kenan ina koyon jan tayar baya a kwana, dirif ɗin nan dai, jiya na damƙi birki sai gani na a ƙasa gwiwa duk ta saluɓe, shine nace bari in tambaya da waƙa ko masana zasu tanka.

Na shigo kwana a guje ina neman zamiya,
Na matse birki keke ya ƙi yin biyayya,
Roba na ta ƙara, rim ya sha raɓar safiya,
Ku faɗa min wane birki ne ke kulle taya?

Sarkin Kwana:
Ƙanena sannu, amma wane hannu ka matse?
In na gaba ne dole a gan ka a ƙasa a baje,
Na gaba shi ke tsai da keke in kana miƙe,
A kwana kuwa taya ta goce sai ka kife,
Na baya ake ɗan taɓawa nan take a sake.

Dan Allah ka duba keken naka, kekunan Ingila birkin baya a hagu yake, na Amurka kuma a dama, kar ka hau keken aro baka gwada ba.

Mai Birkin Ƙafa:
Ni birkin feda nake so, ba waya ba roba,
Ka mai da ƙafa baya, taya ba zata musa ba,
Yana cikin cibiyar taya, laka bata kai masa ba,
Ruwan sama ma bai taɓa hana shi kamu ba.

Baba Bakanike:
Yaro na ji ka, amma tsaya ka ji labari,
A 1976 a Marin ta Kalifoniya an yi gwajin sauri,
Daga kan tudu suke gangarowa a kan turbar ƙura da gari,
Birkin feda ya yi zafi, giris ya ƙone ƙurmus tun da wuri,
Duk saukowa sai an sake cusa giris, aiki ya zama jari,
Shi ya sa suka kira tseren Repack, wato sake cusawa, sunan ya bi gari.

Kuma ka sani da birkin feda baka iya juya feda baya ka daidaita ƙafa kafin kwana, a fili mai laushi yana da daɗi ban musa ba, amma a doguwar gangara wlh bana ba ɗana shawarar shi.

Yar Faifai:
Baba ka yi gaskiya, ni birkin faifai na riƙa,
Na mai ya fi na waya laushi in ka taɓa ka saka,
Yatsa ɗaya ya isa, sauran su riƙe kan keke da ƙarfinka,
Faifai mai milimita 160 a baya ya wadatar da kai a wasanka,
In kana da nauyi ko tudu ne, 180 ka ɗauka.

Abu ɗaya ke ci min rai, mutum ya sayi birkin kamfanin Shimano ya je ya ɗura mishi man birkin mota, alhali shi man mineral yake sha, wancan sai ya kumbura robobin ciki birkin ya mutu, kuma ko ɗigon mai ya taɓa faifan to ƙara kawai zaka ji ba kamu.

Sarkin Kwana:
Birki fa tayar da zamiya yake, jiki ke ƙarasawa,
Ka turo nauyi gaba, bayan keke ya samu sakewa,
Ka kwantar da shi, ƙafar ciki a waje tana jiran tokarewa,
In baya ya fita dama, kan keke dama zaka karkatawa,
Ido na kan mafitar kwana, kar ka kalli inda kake tsoron faɗawa,
Kan tsakuwa ko ƙura ake koyo, kwalta taya take cinyewa.

Ɗan Feda:
Yaya na je na duba, ashe na gaba na damƙa,
Robar bayan ma ta cinye har ƙarfe ya leƙa,
Na sa sabuwa, na ja waya, hular kwano na ɗauka,
Yau baya ya zame kamar taku biyu ban sha ƙasa ba ko kaɗan na faɗa maka.

Baba tayar bayan ta yi sanƙo a waje ɗaya inda nake yawan ja, in ina tafiya sai inji tana ɗan bugawa, zata ƙara kai ni ko in canza ta yanzu?