Zan tashi daga Houston zuwa Bronx, yaya zan yi da bindigata?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin, don Allah a sakaya sunana. Shekarata shida a Houston, jihar Texas ta Amurka, ina tuƙin mota, kuma ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. Bara wasu yara suka tare ni da dare suka karɓe waya da kuɗin aljihuna, shi ne na je shago na sayi ƙaramar bindiga. Na cike fom, aka binciki sunana, aka ba ni. A Texas tun Satumban 2021 wanda ya kai shekara 21 ba sai ya yanki lasisi ba kafin ya fita da ita, don haka ban taɓa neman wata takarda ba. Yanzu iyali sun iso, suna Bronx, cikin birnin New York, wurin yayana, ni ma ƙarshen wata zan kwashe kaya in bi su da mota. In jefa ta a but ɗin motar kawai, tunda rasit yana hannuna?

Direban tirela, Ohio: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka soma. Rasit ɗinka a bakin iyakar Texas ya ƙare. A jihar New York ko ajiye ƙaramar bindiga a ƙarƙashin katifa ba ya halatta sai da lasisinsu, kuma ba sa duba lasisin wata jiha. Birnin New York kansa ma nasa lasisin daban ne, 'yan sandan birnin ke bayarwa. Mutumin Buffalo, wani gari a jihar, da takardarsa ta jiha ba ya shigowa Bronx da ita haka kawai, balle kai.

Ɗalibi, Dallas: Amma fa akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa jihohi, in dai an cire harsashi an kulle ta a but. Kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta kayar da New York a kan wannan maganar.

Direban tirela, Ohio: Ƙanina, rabin karatun ka ɗauko. Waccan dokar tana kare wanda bindigarsa halal ce a inda ya taso, kuma halal ce a inda zai sauka. Shi masaukinsa ne matsalar. Hukuncin 2022 kuwa abin da ya soke shi ne sharaɗin sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka izinin fita da ita. Lasisin yana nan daram.

Hajiya, Bronx: Ɗana, ni girin kad ɗin nake jiye maka. In aka kama mutum a nan da bindiga mai harsashi a waje babu lasisi, laifin da ake tuhumarsa da shi mafi ƙarancin hukuncinsa shekara uku da rabi ne. Ɗan ƙasa in ya gama zamansa gida zai koma. Kai kuwa dokar shige da fice ta sa laifin bindiga cikin abubuwan da ake korar mai girin kad a kansu. Yaran nan jiya jiya suka sauka. Kuma hanyarka ta New Jersey za ta biyo, ko? A can ne a 2013 aka tsayar da wata mata 'yar Philadelphia, da bakinta ta gaya wa ɗan sanda tana da bindiga da lasisin Pennsylvania, aka kama ta. Sai a 2015 gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya yi mata afuwa.

Baba mai shago, Harlem: Sayar da ita a Houston, wurin dillali mai lasisin tarayya, ka karɓi takardar shaida ka adana. Kada ka manta da gidan harsashi, wanda ya wuce cin guda 10 shi ma haramun ne a nan, ka lalube motar sosai har ƙarƙashin kujera. In ka zauna kana so har yanzu, sai ka nemi lasisi. Lasisin fita da ita sai ka yi awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi, bayan duk wannan wahalar kuma ba za ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ko dandalin Times Square da ita ba. Ni shekara ashirin da ɗoriya ina nan, sakata mai kyau na saya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi. Ranar Asabar zan mayar da ita shagon da na saya, ko da faɗuwa zan yi. Ina da gidan harsashi biyu masu cin 15, su ma zan haɗa musu.